Yadda Za Ka Fahimci Zaɓin Yanayi, Ka Kuma Auna Abin da Ake Faɗa Game da Ɗabi'un Ɗan Adam

Ɗalibin da ya shiga ajin farko na ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a jami'ar jiha da ke Ojo, ba zai daɗe ba zai ci karo da maganar cewa wasu ɗabi'unmu, irin su tsoron maciji da kishi da fifita ɗan'uwa a kan bare, gado ne da juyin halitta ya bar mana. Wanda ma bai taɓa taka jami'a ba, muddin yana riƙe da waya a Agege ko Idi-Araba, yakan ga irin waɗannan maganganu suna yawo a Facebook da WhatsApp, galibi an datse su an kuma ƙara musu gishiri. Wasu daga cikinsu suna da hujja mai ƙarfi a bayansu, wasu kuwa tatsuniya ce kawai aka sa mata rigar kimiyya, kuma ba za a iya rarrabe su ba sai an san yadda zaɓin yanayi yake aiki tun daga tushe. Shawarata ita ce kada ka fara da ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, inda hujja take da wuyar kamawa. Ka fara da wake da sauro da jini, inda ido yake iya ganin abin da ke faruwa, sannan ka hau zuwa batun ɗabi'a da ma'aunin da ka riga ka ƙware da shi.

Ya kamata a raba aiki tun farko. Abin da aka sa a gaba a nan shi ne yadda masana kimiyya suke kafa hujjarsu da yadda ake gwada ta. Batun asalin halittar Annabi Adamu, alaihis salam, da matsayin addini a kan wannan nazariyya, fage ne na malamai, kuma ɗalibi yana iya sanin abin da nazariyya ta ce dalla-dalla, ya rubuta shi daidai a jarrabawa, ba tare da ya miƙa wuya ga duk abin da wani ya jingina mata ba.

Ka riƙe sharuɗɗa uku

A ranar 1 ga Yuli, 1858, aka karanta takardun Charles Darwin da Alfred Russel Wallace a wani taron masana a Landan, kowannensu ya kai ga tunani iri ɗaya ta hanyarsa, kuma a 1859 Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu. Duk girman wannan littafi, ginshiƙinsa bai wuce sharuɗɗa uku ba. Na farko shi ne a sami bambanci tsakanin 'yan nau'i ɗaya, wani ya fi wani tsawo, ko saurin gudu, ko jure cuta. Na biyu shi ne bambancin ya zama abin da 'ya'ya suke gado daga iyaye. Na uku shi ne bambancin ya shafi yawan 'ya'yan da kowa yake bari, waɗanda su ma suka rayu har suka haihu. Idan waɗannan uku suka haɗu, siffar da ke taimakon mai ita za ta yi ta yawaita daga zuriya zuwa zuriya, ba tare da wani daga cikin halittun ya yi niyya ko ya san abin da ake ciki ba. Wannan shi ne zaɓin yanayi.

Darwin da kansa ya buɗe bayaninsa da masu kiwo, musamman masu kiwon tattabaru, kuma wannan hanya ta fi sauƙi ga Bahaushe. Duk wanda ya zaga Alaba Rago gab da Babbar Sallah ya san bambancin Balami da Uda da Yankasa, ya kuma san cewa makiyayi ba ya barin kowane rago ya yi barbara, sai wanda ya ga ƙirarsa da girmansa sun yi masa. A wurin makiyayi mutum ne yake zaɓe da manufa, a daji kuwa fari da yunwa da cuta da maƙiyi su ne suke tacewa, kuma ba su da manufar komai.

Abin da Darwin bai sani ba shi ne yadda gadon yake wucewa. Gregor Mendel ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan wani irin wake a 1866, amma sai a 1900 masana suka waiwayi aikinsa, a shekarun 1930 da 1940 aka haɗa ilimin gado da zaɓin yanayi wuri ɗaya, a 1953 kuma aka gano ƙirar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta. Daga nan aka fahimci inda sabon bambanci yake fitowa, wato daga kuskuren da ke aukuwa jefi-jefi wajen kwafar ƙwayoyin gado, da kuma cakuɗuwar gadon uwa da na uba. Wannan kuskure ba ya duban buƙatar mai shi, yawancinsa ba ya amfani ba ya cutarwa, wani yana cutarwa, ƙalilan ne suke zama alheri a wani yanayi.

Ka gwada da hannunka

Kafin ka ci gaba da karatu, ka sami farin wake da jan wake, gwangwani ɗaya na kowanne ya isa, da farin zane ko farin buhu, da agogon waya, da ƙane ko ɗa wanda bai san abin da kake nufi ba. Ka ƙirga farin wake 50 da ja 50, ka gauraya su, ka watsa a kan farin zanen a wurin da haske bai yi yawa ba, sannan ka ce wa yaron ya tsince duk abin da zai iya, ƙwaya ɗaya-ɗaya, cikin daƙiƙa 20. Shi ne tsuntsu mai neman abinci, waken kuma ƙwari ne. Idan lokaci ya cika ka ƙirga abin da ya rage na kowane launi, ka rubuta, sannan ka ƙara wa kowace ƙwayar da ta tsira ƙwaya ɗaya mai launinta, wannan ita ce haihuwa. Ka sake watsawa, ka maimaita har zagaye uku ko huɗu.

A ce a zagayen farko ya tsince ja 20 da fari 8. Saura ja 30 da fari 42, bayan haihuwa kuma ja 60 da fari 84, wato farin da ya fara da rabi ya haura kashi 58 cikin 100 a zuriya ɗaya tak. Abin lura shi ne babu ƙwayar wake ko ɗaya da ta sauya launi. Ja ya mutu yana ja, fari ya haifi fari, taron ne gaba ɗaya ya sauya. Daga nan sai ka shimfiɗa jan zane ka sake gwajin, za ka ga akalar ta juya, launin da ya yi nasara ɗazu shi ne yake ƙarewa, wanda ke nuna cewa babu siffar da take mafificiya a kan kanta sai dai gwargwadon wurin da ta sami kanta. Idan kuma ka rufe wa yaron ido ya yi tsintar, launi ɗaya zai iya rinjaya bisa sa'a kawai, musamman idan waken kaɗan ne, kuma masana sun san wannan hanya ta biyu da taro yake sauyawa ba tare da wani zaɓi ba. Ka riƙe ta, domin za ta yi maka amfani idan aka zo maganar ɗabi'a.

Ka duba misalan da ke ƙofar gidanka

Littattafan makaranta sun fi son kawo misalin malam-buɗe-littafin dare na Manchester a Ingila, wanda baƙinsa ya yawaita bayan hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, da na tsuntsayen tsibiran Galapagos waɗanda Peter da Rosemary Grant suka auna bakunansu kafin farin 1977 da bayansa. Misalai ne ingantattu, amma mazaunin Legas yana da waɗanda suka fi kusa da shi.

Manya suna tuna lokacin da kulorokwin yake kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Ƙwayoyin cutar da suke da wani sauyi a gadonsu sun riƙa tsira daga maganin suna hayayyafa, sauran suna mutuwa, har masu jurewar suka mamaye, aka wayi gari maganin ba ya aiki, Nijeriya ta sauya manufarta a 2005 ta koma ga haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin. Ka ɗora sharuɗɗa uku a kan wannan labari za ka ga sun zauna daram. Haka abin yake ga sauron da maganin feshi ya daina kashewa, batun da masu bincike a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba suke bibiya.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na sikila, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Sauyin harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon da ke gina sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka shi ne SS, mai fama da amosanin jini, wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya shi ne AS, wanda bai gaje shi ba kuma AA. Tambayar da ta dami masana ita ce, ƙwayar gadon da take kashe yara da yawa kafin su kai ga aure, musamman a zamanin da babu asibiti, me ya hana ta ɓacewa, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake ɗauke da ita? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa yara masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ba wai zazzaɓin ba ya kama su ba ne, yana kamawa, amma bai cika kai su ga halaka ba kamar yadda yake yi wa masu AA. Saboda haka a ƙasar sauro, AA yana cikin haɗarin zazzaɓi, SS yana cikin haɗarin sikila, AS ne yake tsakiya yana tsira yana haihuwa, shi kuma yake ci gaba da miƙa ƙwayar ga zuriya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, haihuwar SS ɗaya ba ta kare na bayansa. Wannan ne dalilin gwajin jinotayif kafin aure, wanda cibiyar sikila ta ƙasa da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ta daɗe tana wayar da kai a kansa.

Darasin da za ka ɗauka daga nan zuwa fagen ɗabi'a shi ne irin hujjar da aka tara kafin masana su yarda. An san ƙwayar gadon, an san abin da take yi a cikin jini, taswirar inda take da yawa ta dace da taswirar zazzaɓin, an kuma ƙirga yaran da suka kamu da waɗanda suka tsira. Sannan ka lura cewa zaɓin yanayi bai damu da jin daɗin kowa ba, ya bar ƙwayar da ke jefa iyalai cikin jinya da baƙin ciki saboda kawai lissafin haihuwa ya rinjaya wajenta.

Ka gyara yadda kake faɗin abin

Yawancin kurakuran ɗalibai a wannan darasi daga ginin jimla suke fitowa. Idan ka rubuta cewa sauro ya sauya jikinsa don ya jure maganin feshi, ka ba shi niyya, ka kuma koma ga tsohon ra'ayin da ake jinginawa ga Lamarck na Faransa, cewa halitta tana gadar wa 'ya'yanta abin da ta samu da ƙoƙarinta. Maƙerin da damtsensa ya yi kauri saboda dukan ƙarfe ba ya haifar jariri mai kaurin damtse. Daidai shi ne ka ce a cikin sauro akwai masu jurewa tun kafin a yi feshi, feshin ya kashe sauran, masu jurewar suka hayayyafa. Haka nan ka guji cewa mafi ƙarfi ne yake rayuwa, domin abin da ake aunawa shi ne yawan zuriya, kuma sau da yawa mai ɓuya ko mai haɗa kai da 'yan'uwansa ya fi mai ƙarfi barin baya. Masanan ba su kuma ce biri ya rikiɗe ya zama mutum ba, da'awarsu ita ce kakanni ɗaya aka haɗa a can baya mai nisa, kuma ko za ka yi jayayya da magana gara ka yi da ainihin abin da aka faɗa.

Sai ka hau zuwa ɗabi'a

Hujjar masu fannin da ke bayyana ɗabi'a ta hanyar juyin halitta a taƙaice ita ce, ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ido, ƙwayoyin gado suna da hannu a gininta, saboda haka idan wata hanyar ji ko tunani ta taimaki magabata wajen tsira da haihuwa tsawon dubban zuriya, za a sa ran ganin ta yaɗu. Darwin ya taɓo wannan a littattafansa na 1871 da 1872, amma fannin bai tsaya da ƙafarsa ba sai a ƙarshen shekarun 1980, kuma littafin da ake ɗauka a matsayin tubalinsa ya fito a 1992 a ƙarƙashin Leda Cosmides da John Tooby da Jerome Barkow. Wannan na ukun ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a cikin Hausawa ya yi bincikensa na farko, a Arewacin Nijeriya da kuma Maradi.

Kayan aikin farko da za ka ɗauka shi ne na Niko Tinbergen, wanda a 1963 ya ce kowace ɗabi'a ana yi mata tambaya huɗu, wato me yake tayar da ita yanzu a jiki da ƙwaƙwalwa, yaya take girma a rayuwar mutum daga yarinta, wane amfani ta yi wajen tsira da haihuwa, kuma daga ina ta samo asali a tarihin nau'in. Amsar ɗaya ba ta soke ɗaya. Idan aka tambayi dalilin da ya sa uwa take zabura idan jaririnta ya yi kuka, wanda ya ce tausayi ne da wanda ya ce jariran uwaye masu zabura sun fi rayuwa ba su saɓa wa juna ba, tambayoyi daban suke amsawa, kuma gardama da yawa a aji tana mutuwa da zarar an gane haka.

Abu na biyu shi ne ka daina raba ɗabi'a gida biyu, ta gado da ta koyo. Gwaje-gwaje mafi kyau a fannin sun nuna cewa abin da ake gado sau da yawa shi ne sauƙin koyon wani abu fiye da wani. A 1966 John Garcia da abokin aikinsa suka ba ɓeraye ruwa mai ɗanɗano tare da haske da ƙara. Ɓerayen da aka sa wa ciwon ciki daga baya sun guji ɗanɗanon, ba su damu da hasken ba, waɗanda aka ja wa wutar lantarki kuwa sun guji hasken da ƙarar, suka ci gaba da shan mai ɗanɗanon. A shekarun 1980 kuma Susan Mineka da Michael Cook suka gano cewa biran da aka haifa a ɗakin gwaji ba sa tsoron maciji, amma da zarar sun ga wani biri yana firgita da shi sai su kamu da tsoron, alhali da aka nuna musu hoton bidiyo da aka haɗa na biri yana firgita da fure, ba su koyi tsoron fure ba.

Na uku shi ne batun tazarar zamani. Ƙasusuwa mafi tsufa da ake dangantawa da nau'inmu, na Jebel Irhoud a Maroko, sun kai shekara kusan 300,000, noma kuwa bai wuce shekara 12,000 ba, birni irin Legas kuma jiya-jiya ne a wannan ma'auni. Da wannan ake bayyana yadda mutum zai yi tsalle idan ya ga igiya a duhu, amma ya tsallaka babban titin Ikorodu a ƙasa da gadar masu tafiya a sama da kansa, ko yadda kwaɗayin zaƙi da maiƙo, wanda ya yi amfani a zamanin ƙarancin abinci, yake kai mutane ga ciwon suga a inda lemon kwalba yake kowace kwana. Sai dai kada ka ɗauka juyin ya tsaya tun zamanin farauta. Yawancin mutanen duniya, idan sun girma, ba sa narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara, amma a cikin al'ummomin makiyaya, har da Fulani, da yawa suna iyawa har tsufa, sauyin da ya yaɗu bayan an fara kiwon shanu.

Gwajin kati huɗu

Wannan gwaji za ka iya yin sa da abokanka a ɗakin kwanan ɗalibai ko a majalisa bayan sallar isha'i. Peter Wason ne ya ƙirƙiro shi a 1966. Ka yanka kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar, ka ajiye su ana ganin A, K, 4 da 7. Ka ce doka ita ce duk katin da ke da wasali a fuska ɗaya to lambar bayansa mai rabuwa biyu ce, sannan ka tambaya waɗanne katuna ne dole a juya don a gane ko an karya dokar. Yawancin mutane sukan ce A da 4, amsar kuwa A da 7 ce, domin ko me ke bayan 4 bai karya doka ba, amma idan aka sami wasali a bayan 7 an karya ta.

Sai ka ba wasu mutanen daban siga ta biyu. Ka ce a wata rumfa a kasuwar Mile 12 doka ita ce duk wanda ya fita da buhun albasa sai ya biya, ga mutum huɗu, ɗaya ya fita da buhu, ɗaya ya fita hannu rabbana, ɗaya ya biya, ɗaya bai biya ba, wa za a bincika? Da wuya ka sami wanda zai yi jinkiri kafin ya ce mai buhu da wanda bai biya ba. Ginin tambayoyin biyu iri ɗaya ne, amma ta farko tana kayar da masu digiri, ta biyu kuwa ɗan dako yana amsa ta yana tafiya. Cosmides ta kafa hujja da irin wannan sakamako a 1989 cewa ƙwaƙwalwa tana da shiri na musamman na gano mai cin amana a mu'amala, saboda taimakon juna ba ya ɗorewa idan ba a iya kama mai karɓa ba ya bayarwa. Wasu masana sun ce ba sai an kai can ba, siga ta biyu ta fi sauƙi ne saboda doka ce ta izini da hani wadda ma'anarta a fili take. A ganina sakamakon tabbatacce ne, fassararsa ce har yanzu ake ja, kuma ɗalibi nagari yana rubuta su a sakin layi daban-daban.

Yadda za ka auna da'awa idan ta zo maka

Ka fara da neman wani bayanin da zai iya haifar da abu ɗaya. A 1964 William Hamilton ya nuna da lissafi cewa taimakon dangi yana iya yaɗuwa idan amfanin da ɗan'uwa ya samu, bayan an auna shi da kusancin jini, ya fi asarar mai taimakon. Kusancin shaƙiƙai rabi ne, na 'yan uba rubu'i, na 'ya'yan wa da ƙane shaƙiƙai kuma ɗaya cikin takwas. Nan da nan Bahaushe zai ce ai ga bayanin 'yan ubanci. Amma a gidan da ake da mata fiye da ɗaya, 'yan ɗaki ɗaya tukunya ɗaya suke ci, uwa ɗaya take rainonsu, kishin iyaye mata da lissafin gado kuma suna nan, duk waɗannan suna iya raba 'yan uba ko da babu ruwan jini. Hanyar rarrabewa ita ce a nemi inda bayanan biyu suka yi hasashe daban, misali ɗan riƙo, wanda ya tashi a ɗakin da ba na mahaifiyarsa ba. Idan ya zo Legas ci-rani ya fara aika kuɗi gida, wa yake fara tunawa, wadda ta haife shi ko wadda ta raine shi? Wanda bai kawo irin wannan gwaji ba labari ya ba ka, ko da labarin ya yi daɗin ji. Stephen Jay Gould da Richard Lewontin sun yi wannan gargaɗi tun 1979, cewa ba kowace siffa ce aka zaɓa don amfaninta ba, wata rakiya ta yi wa wata siffar, wata kuma sa'a ce irin ta yaron da aka rufe wa ido. Karatu da rubutu misali ne a fili, shekarunsu ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba, ƙwaƙwalwa tana yin su ne da kayan da aka tanada don wasu ayyuka.

Daga nan ka tambayi su wa aka bincika. Wani nazari da Joseph Henrich da abokansa suka fitar a 2010 ya jawo hankali ga cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba, da yawansu ɗaliban jami'o'in Amurka. Da'awar da ta shafi ɗan Adam gaba ɗaya tana buƙatar shaida daga al'ummomi mabambanta. Binciken David Buss na 1989 a kan abin da maza da mata suke nema a abokin aure ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, ya tambayi mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37, har da Nijeriya, ya kuma sami cewa a matsakaici maza sun fi mata ba ƙuruciya da kyau muhimmanci, mata kuma sun fi maza duban abin hannu. Amma a binciken nan dai, maza da mata duka sun sa kirki da hankali a sahun gaba, kuma da Alice Eagly da Wendy Wood suka sake duba alƙaluman a 1999 sun ga cewa tazarar da ke tsakanin jinsin biyu a kan batun dukiya tana raguwa a ƙasashen da mata suke da hanyar samun nasu. Saboda haka idan aka turo maka saƙo cewa kimiyya ta tabbatar mace kuɗi kawai take so, ka san an ɗauki bambancin matsakaici an mai da shi hukunci a kan kowace mace, an kuma jefar da rabin sakamakon.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi wa mai da'awar ita ce ko ya tsallaka daga bayanin yadda abu yake zuwa hukuncin yadda ya kamata a yi. Wannan tsallake ya yi ɓarna a tarihi, domin da sunan gyaran iri aka yi wa dubban mutane aikin hana haihuwa na dole a Amurka a ƙarni na 20, aka kuma yi abin da ya fi haka muni a Jamus ta zamanin Hitila. Ko da an tabbatar cewa saurin fushi ko kishi yana da tushe a gado, wannan bai wanke wanda ya daki matarsa ba, kamar yadda sanin dalilin yaɗuwar sikila bai hana likita yaƙar ta ba. Idan kana rubuta amsar jarrabawa ko aikin ƙarshen zango, ka ware bayanin asalin ɗabi'ar a wuri ɗaya tare da hujjarsa da masu sukarsa, idan kuma malamin ya nemi ra'ayinka a kan abin da ya dace a yi, ka buɗe sabon sashe ka faɗi ma'aunin da ka dogara da shi, na addini ne ko na doka ko na al'ada.